Ƙota Don Hannun Rifkatu

Ishaku da Godiya, na san abin da kuka taso kuna ji a dangi game da aikin Abuja. Wasu sun ce tsoron babban gari ne ya hana ni tafiya. Wasu sun ce don ban iya karatu ba a lokacin, na ji kunyar a miƙo mini biro. Akwai ma wanda ya ce mamanku ce ta ɗaure ni a bakin zaninta. Ban taɓa mayar wa kowa ba, domin bakina ba shi da sauri, kafin in haɗa amsa an riga an koma wata hira. Yanzu da ajin manya na majami'armu ya koya mini rubutu, zan faɗa muku a hankali yadda nake yin komai, ba mai katse ni.

A wancan lokaci sana'ata wasa wuƙa ce. Ina da tsohon keke da na ɗaura wa dutsen wasa, in na taka feda dutsen ya juya. Da shi nake zagaya Kafanchan, in bi mahauta, in bi masu tsire, in bi matan da ke sayar da abinci a bakin tasha. A wannan yawo na lura da wani abu. Yawancin wuƙaƙen da ake miƙo mini, ƙarfensu lafiya lau yake, ƙotar ce ta lalace. Itacen ya tsage, ƙusa ta fice, sai mai ita ya yanko robar tayar keke ya nannaɗe ya ci gaba da aiki. Wuƙar mamanku Rifkatu ma haka take, siririya, an naɗe ta da baƙar roba, kuma ni da kaina nake wasa mata ita kowace safiya ban taɓa tunanin komai ba.

Kun san aikin citta, amma ba ku san yadda mamanku take a cikinsa ba kafin waccan shekara. In an haƙe citta bayan damina, mata kan zauna a gindin mangwaro kusa da falalen dutsen da ake shanya, kowace da tarinta, suna tsaga kowace citta gida biyu a tsaye domin ta bushe da wuri. Tun safe har rana ta yi sanyi. Ruwan citta yana da zafi, duk inda fata ta fashe sai ya shiga. A cikin matan unguwarmu babu mai saurin Rifkatu. Masu gona kan aiko mata tun citta tana ƙasa, don kada wani ya riga su. Da wannan aiki take yi muku sutura, da shi take shiga zumuntar mata da kanta a sama. Uwarta ma shi ta yi. Ba aikin lada kaɗai ba ne a wurinta, sunanta ne.

Wajen tsakiyar kakar citta na fara ganin tana yarfe hannun dama kamar wadda ta taɓa wuta. In na tambaya sai ta ce sanyi ne. Wata safiya ta ɗauko tukunyar kunu daga murhu, tukunyar ta zame ta faɗi, ita kuma ta tsaya tana kallon yatsunta kamar na wani. Ranar na ajiye keke na kai ta asibiti. Nas ɗin da ta duba ta, wata dattijiya ce mai tabarau, ta lanƙwasa hannun, ta danna wuyansa, ta tambayi irin aikin da take yi. Da ta ji citta ce sai ta ce a nuna mata wuƙar. Tana cikin jakar mamanku, domin niyyarta daga asibiti ta wuce gindin mangwaro.

Nas ta juya wuƙar ta ce, "Mama, da wannan kike wuni? Dubi sirantarta. Dole ki matse ta da dukan ƙarfinki kafin ta tsaya. Jijiya ce ta kumbura a nan. Ki huta wata da watanni, ba daka, ba jan guga, ba citta. In kika koma kuma, ba da irin wannan ba."

Rifkatu ta ce, "In ban huta ba fa, Sista?"

"Wata rana ko cokali ba za ki riƙe ba. Ban ce don in tsorata ki ba, na ga irinsa."

A makon nan ne Yaya Bitrus ya shigo gidanmu da fara'arsa. Kun san shi tsohon soja ne, katangarmu ɗaya, kuma tun rasuwar babanmu shi ne uba a gare ni. Ya gaishe da mahaifiyarmu, Kaka Saratu, wadda take zaune tare da mu, ya ja kujera ya zauna kamar mai shirin raba gado.

Ya ce, "Ayuba, Allah ya ji addu'ar Mama. Ogana na soja yana neman maigadi a Abuja. Ɗaki kyauta, yunifom kyauta, salari kowane wata. Na ce masa ina da ƙane, ba ya sha, ba ya ɗauke-ɗauke, ko magana ma ba ya yi. Ya ce irinsa yake nema."

Na ce, "Yaushe ake so, Yaya?"

"Wane irin yaushe? Da ka ɗaure kaya."

Na faɗa masa maganar asibiti. Ya saurara, domin ba mugun mutum ba ne, amma ya ga abin ƙarami.

"Wace mace ce hannunta ba ya ciwo lokacin citta? Ta shafa man zafi. Ta lallaɓa ta gama wannan kaka, kafin nan salarinka ya fara shigowa, sai ta huta har ta gaji da hutu."

Abin da ba ku sani ba shi ne mamanku tana bayansa. Da ya fita ta same ni ina gyara sarƙar keke, ta tsaya a kaina.

"Baban Ishaku, ka tafi. Yaron nan ya ci jarrabawa, makarantar kwana tana jiransa. Hannuna ne, ni na san shi. Wannan nas, ta taɓa tsaga citta?"

Na ci gaba da gyaran sarƙa. Na yi ta juya abin a raina ina yawon wasa wuƙa. Aikin mai kyau ne, ban taɓa cewa ba shi da kyau ba. Amma na san matar da na aura. In na hau mota yau, gobe tana gindin mangwaro da wuƙar roba. In kakar citta ta wuce, ga dakan acca, ga rijiya, ga noma, kuma Kaka ta tsufa, Godiya tana goye. Ba wanda zai karɓe mata taɓarya. Na ga kaina ina dawowa Kirsimeti da sabon takalmi da buhun shinkafa, in tarar da mace tana cin tuwo da hannun hagu. Wannan hoton ya ƙi fita daga kaina. Sai na je ƙofar Yaya da sassafe, yana wanke baki, na durƙusa na ce masa ya yi haƙuri, ba zan tafi ba. Zan tsaya in ɗauke mata aikin gida, in kuma yi mata ƙotar da ba za ta ci mata hannu ba.

Ya tofar da ruwan bakinsa ya dube ni.

"Ƙota? Na ba Oga maganata, na ce ƙanena yana zuwa. Yanzu in koma in ce masa me? In ce ka tsaya sassaƙa ƙotar wuƙa?"

"Ka ce masa matata ba ta da lafiya, Yaya."

"Ayuba, ka mai da ni ƙaramin mutum."

Ya shiga ya ja ƙofa. Daga ranar, in mun haɗu a hanya zan gaishe shi, ya amsa da hanci. A majami'a ya koma wancan gefe. Aikin kuma ɗan wani maƙwabci aka ba, kafin shekara ta juyo ya yi wa uwarsa rufin kwano, kowa yana gani. Mamanku ma ta yi kwanaki tana ajiye mini abinci ba magana.

Gaskiya ita ce na yi alkawarin ƙota ban san yadda ake yin ta ba. Na fara da itace zalla, mai kauri. Na jiƙa shi da ruwan citta na shanya, na sake jiƙawa, kamar yadda za a yi masa a wurin aiki, sai ya tsage daga gaba inda ƙarfe ya shiga. A nan na tuna da Buba. Bafulatani ne da ke zaune da iyalinsa wajen Fadan Kaje, yana noma yana da 'yan shanunsa, ni nake wasa masa adda tun muna samari. Yana da wata wuƙa ta gado mai ƙotar ƙaho, ta sha ruwa ta sha rana ba ta tsage ba. Na hau keke na je. Ya ba ni ita na riƙe, na ce a zubo mini ruwa a hannu. Da hannun ya jiƙe sai ta riƙa zamewa kamar kifi. Na gane ƙaho zalla ma ba zai yi ba, domin abin da ke zamewa dole a matse shi, matsewar kuwa ita ce ciwon. A hanyar dawowa na tsaya wajen baduku ana ɗinke mini takalmi, na ga ragowar ƙirgi, wato jemammiyar fatar saniya, a ƙasa, na ɗauki 'yan guntaye na tara su a tafin hannu na matsa. Suna da taushi, ba sa zamewa. Amma fata in ta zauna cikin ruwa ruɓewa take. Sai abin ya zo mini a jere: ƙaho a gaba inda ruwan citta ke gangarowa, fata a tsakiya inda tafin hannu ke kwanciya, itace mai nauyi a baya don ya riƙe su duka, ya kuma sa wuƙar ta zauna daidai a hannu.

Na koma wurin Buba na faɗa masa. Ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Kai Ayuba, wuƙa za ka yi ko miya? Wannan haɗi haka!"

Amma ya shiga ya fito da ƙahon wata saniya da suka yanka wajen suna. Ya nuna mini tsinin, inda ƙaho yake a cike ba rami, ya ce nan ne abin aiki. Na miƙa hannu zan sa a jaka ina cewa jibi zan fara, sai ya riƙe.

"Jibi? Wannan ɗanye ne. In ka huda shi yanzu ka sa ƙarfe, zai bushe ya ja jiki, ya saki ƙarfen, ya yanke wa uwargida hannu. Ka rataye shi sama da murhu, inda hayaƙi ke kaiwa ba wuta ba. Ya ga rani, ya ga damina. Kuma kada ka haɗa su da damina. Lokacin kowa ya sha iska mai ruwa ya kumbura, ƙaho da nasa, fata da nata, itace da nasa. In rani ya zo kowa ya koma gidansa, sai ka ga rami a tsakani. Ka haɗa su suna bushe ƙarau, in damina ta dawo sai su ƙara cije juna."

Na ce, "To yaya zan san sun bushe?"

"Kana da ƙofar katako a ɗakinka?"

"Ina da ita."

"Da damina tana cijewa, sai ka sa kafaɗa?"

"Har da ƙafa."

"To ranar da ta rufu da yatsa ɗaya, ranar ka haɗa."

Na kawo ƙaho na rataye a madafa. Warinsa na farkon makonni, Allah ya kiyaye ku da shi. Kaka Saratu, wadda yawanci da yarenmu take magana amma in za ta yi zagi sai ta koma Hausa, ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin gidan da aka rataye wari a kan abinci da gangan ba. Duk da haka ita ce ta ba ni itacen. Tana da tsohuwar taɓarya ta itacen ƙirya da ta karye tun zamanin babanmu, ta ƙi a sa ta a wuta. Ta jawo ta daga ƙarƙashin gado ta jefo mini, ta ce in ban yi abin kirki da ita ba, da ragowar za ta fasa mini kai.

Haka na shiga aikin mata. Da safe in ja ruwa, in daka acca, sannan in hau keke. Dakan acca ba wasa ba ne, ranar farko rabinta a ƙasa ta ƙare, kaji suka yi Kirsimeti. Matan unguwa kuwa suka sami abin kallo. Masu zuwa rafi sai su bi ta ƙofarmu ko da ba hanyarsu ba ce.

"Sannu da aiki, amarya!"

"Maman Ishaku, ki ara mana shi ranar Asabar, muna da biki."

Kaka tana zaune a kan tabarma tana tsince wake, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Na ɗauka maza biyu na haifa. Ashe Ubangiji ya ba ni 'ya mace, ya ɓoye mini ita sai da na tsufa."

Ni dai in yi murmushi in ci gaba. Wanda abin ya fi ci shi ne mamanku. Mace ce da ba ta iya zama ba. Sai in dawo in tarar ta ɗauki tsintsiya da hannun dama, ta gan ni ta mayar hagu da sauri. Amma a hankali ta sake. Da yamma in ta ga na zauna da wuƙar sassaƙa sai ta jawo kujera. Ina yin ƙotocin gwaji da itacen malaina, mai taushi ne kuma fari. In shafa mata gawayi a tafin hannu, ta riƙe ƙotar kamar tana yanka, ta saki. Inda baƙin ya fi kamawa, nan ne ke danne ta, sai in rage wurin da magagari. In sake shafa gawayi, ta sake riƙewa. Mun yi ta yi har baƙin ya riƙa kwanciya ko'ina daidai. A nan na san hannun matata. Ɗan yatsanta na tsakiya ya ɗan karkace tun tana yarinya, ban taɓa lura ba sai a jikin malaina.

Ishaku, kai ka ɗauki nauyin wannan shawara fiye da kowa, kuma ba a tambaye ka ba. Abokanka suka tafi makarantar kwana da akwatunansu, kai ka shiga ta jeka-ka-dawo saboda ba kuɗi, kana tafiya a ƙasa cikin ruwan sama da littattafai a leda. Na ga ranar da ka tsaya a bakin hanya kana kallon motar da ta ɗauke su. Ban ce maka komai ba, domin ba ni da abin faɗa da zai yi maka amfani a ranar. Na sani, kuma ban manta ba. In da za a sake kawo mini zaɓin, abin da na yi shi zan yi, amma ina so ka san na ga abin da ya ci maka.

Damina ta yi nisa, ta fara ja da baya. Hannun ya yi sauƙi sosai, mutuwar yatsun ta ragu, nas ta ce hutun ya karɓe ta. Aka fara haƙar citta. Masu gona suka fara aiko yara suna tambaya ko Maman Ishaku za ta fito bana. Da safe muna jin matan suna wucewa zuwa gindin mangwaro suna hira. Amma ruwa bai gama ɗaukewa ba, yakan yi yayyafi jefi-jefi, kuma ƙofar ɗakinmu tana nan tana cijewa. Kowace safiya in tura ta da yatsa, ta tsaya a rabi. Mamanku tana bayana tana kallo.

"Baban Ishaku, wai ƙofa ce za ta ce mini in fita aiki? An ba wata gonar da nake yi kowace shekara."

"Ki ƙara haƙuri kaɗan."

"Haƙurin nan naka, da ana sayar da shi da mun fi ɗan maƙwabci rufin kwano."

Wata safiya na tura ƙofa da yatsa, sai ta tafi sumul ta rufu, har da 'yar ƙara mai daɗi. Na yi mamaki, domin shekaranjiya an yi yayyafi. Mamanku ta tafa hannu ta ce Ubangiji ya yi, in sauko da ƙaho. Na buɗe ƙofar na sake rufewa. Da na shafa gefenta sai na ji santsi, na duba na ga katakon fari tas kamar sabo. Na sunkuya, ga ɓawon itace a bayan ƙofa, an share amma ba a gama ba. Na ɗauki ɗaya na juyo. Rifkatu tana kallon rufin ɗaki.

Na ce, "Maman Ishaku, da me kika fere ta?"

Ta ce, "Wa ya ce ni ce?"

Daga tsakar gida Kaka ta ɗaga murya. "Da tsohuwar wuƙarta ta roba, jiya kana kasuwa. Ni na riƙe mata ƙofar. Mun gaji da kai da Bafulataninka."

Na zauna a bakin gado na yi dariya har hawaye. Ita ma ta yi, sannan dariyar ta koma kuka. Ta ce tana tsoro ne kada a manta da ita, kada kakar citta ta wuce a saba da rashinta. Na ce mata in na haɗa yau, zuwa tsakiyar rani ƙotar za ta yi rami, ƙarfe ya riƙa rawa, ta koma matsewa, duk wahalar shekara ta tashi a banza. Ta share ido ta ce to yanzu da wace ƙofa za mu gane, tunda ta ɓata wannan. Kaka ta ce akwai tata, kuma duk wanda ya kusance ta da wuƙa zai gamu da ragowar taɓarya.

Ƙofar Kaka ta rufu da yatsa ɗaya ana shirin shiga watan Kirsimeti. Na sauko da ƙahon, ya yi baƙi da hayaƙi, in ka ƙwanƙwasa yana amsawa kamar kwano. Na yanke tsinin da zarto, na huda shi da ƙarfe mai zafi daidai wutsiyar wuƙar, wato siririn ƙarfen da ke shiga cikin ƙota. Ƙarfen wuƙar kuwa nata ne na dā, shi ta saba da shi, robar kawai na yaye. Na zura ƙaho, na bi shi da zobban ƙirgi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da gam, ina dannawa da guntun bututu har suka zama kamar abu guda. Na rufe da ƙiryar Kaka, na sa ƙusar tagulla na dake kanta. Da ya kama, na ajiye ƙotar malaina ta ƙarshe a gabana ina kwaikwayonta da magagari, har da wurin karkataccen yatsan. Na goge, na shafe da man kaɗe. Sai ga kala uku sun fito, ƙaho fari da ratsin toka, fata ja, ƙirya kusan baƙa, in ka shafa ba ka jin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Ta karɓa ba ta ce ta yi kyau ba. Ta riƙe, ta buɗe yatsunta kaɗan, wuƙar ta zauna ba ta faɗi ba. Ta ɗaura ɗankwali ta fita.

Ranar na wasa wa wani mahauci wuƙa har ya ce in bar masa sauran ƙarfen. Hankalina yana gindin mangwaro. Da ta dawo da yamma na kama hannun na duba, na danna inda nas take dannawa. Ta ce ba ta ji komai ba. Ban yarda ba sai da mako ya wuce, wani ya bi, ban ga tana yarfewa ba. Ba na cewa ƙota ce ta warkar da ita. Hutu ne da magani da jinƙan Ubangiji, ƙotar ta hana ciwon dawowa ne kawai, kuma har yau in sanyi ya yi yawa yatsun sukan yi mata nauyi da safe. Ta kuma rage sauri da kanta, takan ajiye wuƙa ta miƙe hannu, abin da dā ba ta yi.

Matan da suka kira ni amarya su ne suka fara karɓar wuƙar suna gwadawa. Kowace ta ce da daɗi, amma ba ta zauna mata kamar yadda ta zauna wa mai ita ba. Rifkatu ta ce musu ai a kan hannunta aka yi. Suka ce su ma a yi musu. Nan muka tsaya, domin kun san garinmu. Ba yadda za a yi in zauna da matar wani ina shafa mata gawayi a tafin hannu ina murza yatsunta, ko da rana tsaka ne a gaban fasto. Kafin in gama ƙota ɗaya an kai ni gaban dattawa. Kaka ce ta warware. Da ƙuruciyarta maginiyar tukwane ce. Ta ce a kwaɓa yumɓu, a mulmula shi kamar ƙota, kowace mace ta matsa sau ɗaya yadda take riƙe wuƙa, a kawo mini. Hannun ya zo gidana, matar tana gidan mijinta.

Wata Asabar ina tsakar gida ina gyara dutsen keke, sai ga mamanku ta shigo da faranti a ka, ta sauke a gabana. Curin yumɓu ne a jere, kowanne da shatin yatsu. Ta durƙusa tana nuna mini su, wannan na wance, wannan na wance mai gajerun yatsu, wannan na Talatu matar Yaya Bitrus, ita a gida ta kai mata. A gefe akwai wani ƙato, an matse shi har yumɓun ya fito ta tsakanin yatsu.

Na ce, "Wace mace ce da wannan hannu?"

"Na yayanka ne."

"Yaya Bitrus?"

"Ya ce in faɗa maka shi ba wuƙa yake so ba. Gani ya yi ana matsawa, shi ma ya matsa. Amma ya ce in za a yi, ta yankan nama ce, kuma kada a sa masa jar fata kamar ta mata."

Kaka ta yi guɗa daga ɗaki. Ni na ɗauki curin ina juyawa. Da na ajiye na lura yumɓun ya kwaɓu sosai, ba tsakuwa ba gudaji, aikin da ke cin hannu fiye da daka. Na ce Kaka ta yi ƙoƙari da tsufanta.

Rifkatu ta ce, "Wace Kaka? Bayanta yana ciwo tun jiya. Ni na kwaɓa."

"Da wane hannu?"

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tsaya. Ta ɗaga hannun dama, yumɓu ya bushe a bakin farcen. Ta dunƙule shi, ta buɗe, ta sake dunƙulewa. Ita kanta ba ta lura ba sai lokacin. Muka tsaya muna kallonsa mu biyu. Sannan ta goge shi a zani ta miƙe.

"Ka daina kallona haka. Ka hau keke ka je wurin Buba ya nemo maka ƙahoni. Matan nan ba za su jira shekara ba."

Na ce, "Za su jira."

Kuma sun jira, har da Yaya.